Mun Ce Mun Yafe, Amma Wa Zai Ba Shi Aiki?

Jama'ar Kurayyat, akwai wata al'ada tamu da ya kamata mu duba. Idan yaro ya yi laifi aka ɗaure shi, ya cika wa'adinsa ya fito, hukuma ta sallame shi, amma mu ba mu sallame shi ba. A ƙofar masallaci kowa ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya wuce. Amma babu mai ba shi jiran kanti, babu mai gaya masa ɗaurin aure, balle a yi zancen ba shi 'ya.

Zan kawo misali daga wajen Kirista, kada kowa ya ɓata rai. Yawancinmu a nan aka haife mu, ba mu zauna unguwa ɗaya da su ba kamar danginmu na Kaduna. A cikin Linjilar Matiyu, sura ta 18, Bitrus ya tambayi Annabi Isa, alaihissalam, ko gafarta wa ɗan'uwa sau bakwai ta isa, aka nuna masa sai bakwai sau saba'in, watau a bar lissafi. A cikin Luka kuwa, sura ta 15, akwai labarin ɗan da ya cinye rabonsa na dukiya ya komo a tsiyace. Uban ya sa masa riga da zobe, ya yanka masa maraƙi, wansa kuma yana waje yana fushi. Mu dai da wan nan muka fi kama.

To, faɗa da baki ba wuya. Ga waɗanda suka aikata. A rikicin 1992, wanda ya taso daga Zangon Kataf ya iso Kaduna, James Wuye, jagoran samarin Kirista, ya rasa hannunsa na dama. Muhammad Ashafa, jagoran samarin Musulmi, aka kashe masa malaminsa da 'yan'uwa biyu. A 1995 aka haɗa su, kowa yana ƙullace da ɗan'uwansa. Abin da ya sanyaya zuciyar Liman Ashafa huɗubar Juma'a ce a kan Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ranar da mutanen Ɗa'ifa suka jefe shi har ya zubar da jini, ya ƙi yarda a hallaka su. Ɗa'ifan nan fa da muke hawa shan iska da zafi!

Shi Fasto Wuye nasa ya fi jinkiri, kuma nan ne nake so a lura. Da bakinsa ya ce shekara uku suna tafiya tare suna sasanta mutane, alhali wani dare yakan ji kamar ya danne abokin nasa da matashin kai. Ashafa ya je duba mahaifiyarsa da ba ta da lafiya. Daga baya wani fasto ya gargaɗi Wuye cewa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a ciki, sa'an nan ya saki. Ashe aiki tare ne ya riga, zuciya ta biyo daga baya. Da hannunsu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, wadda shugabannin addini 22 suka sa wa hannu cikin Agusta 1992 da shekara goma, watau 2002, da kuma sulhun Yelwa da Shendam a 2005. Gaskiya ne wata uku bayan ta Kaduna an sake zubar da jini, amma ba su rabu ba.

Ban ce a miƙa wa wanda ya yi sata mabuɗin akwatin kuɗi ranar da ya fito ba. A fara da ɗaukar kaya, da aike, dattijo ɗaya ya tsaya masa wata shida. Masu kanti da masu gareji na unguwar nan, in mutum uku cikinku suka yarda, su gaya wa liman ranar Juma'a bayan an idar da salla.