Ina Amfanin Haddar Tattalin Arziki Ga Ɗalibin Da Bai Iya Karanta Kasuwar Garinsu Ba?

 Yau ina son mu ɗan kauce wa darussan da muka saba, mu leƙa ajin boko, mu duba yadda ake karantar da darasin tattalin arziki a manyan makarantun sakandare na yankinmu, musamman Bodinga da Shagari.

Duk wanda ya zauna a irin wannan aji ya san yadda abin yake gudana. Malam zai shigo da tsohon littafinsa, ya cika allo da rubutun Turanci, yara su duƙufa ga kwafa har a kaɗa ƙararrawa. Makon farko a aji ɗaya, abin da ake ɗora wa yaro shi ne haddace ma'anar fannin kamar yadda wani Bature ɗan Ingila mai suna Lionel Robbins ya tsara ta a shekarar 1932. Yaro zai rera ta ba gargada, kamar mai biya alƙalami ya ƙare. Amma ka tsayar da shi ka ce, me ya sa buhun albasa yake faɗuwa warwas a lokacin da aka cire ta, sannan ya yi tashin gwauron zabi idan damina ta yi nisa? Sai ya yi maka zuru. Alhali kuwa mahaifinsa, wanda bai taɓa shiga aji ba, zai warware maka wannan tambaya yana tsaye a bakin fadama.

Ra'ayina a nan ɗaya ne: wannan fanni ba na hadda ba ne, na tattaunawa ne da muhawara da fita bincike, kuma duk makarantar da ta mayar da shi kwafar allo ta zalunci ɗalibanta, ko da kuwa sun ci jarrabawa. Ni malamin Islamiyya ne, ban raina hadda ba, da ita muka tashi kuma da ita muke tarbiyyar yara. Sai dai kowane ilmi da ƙofarsa. Ko a zaure, almajirin da ya haddace rabe-raben gado bai zama masanin fara'id ba sai ranar da aka ajiye masa mas'ala, aka ce ga mamaci ya bar mata biyu da 'ya'ya mata uku da uwa, raba mu gani.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana ce ta jin daɗin baki. Cikin 'yan shekarun nan matasanmu sun ga abubuwan da littafin makaranta yake bayani a kansu sun sauko har cikin tukunyar gidajensu. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. A farkon 2023 aka shiga ƙuncin canjin takardun naira, har ta kai mai kuɗi a banki yana sayen kuɗinsa da kuɗi a wurin mai POS. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin mai, cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin wannan shekara aka garƙame iyakar Illela na tsawon watanni. Zuwa Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Yaron da yake aji uku a yau ya rayu cikin duk wannan, amma da wuya ka sami wanda malaminsa ya taɓa tambayarsa a aji: me ka gani a gidanku, kuma me kake jin ya jawo shi? Sakamakon wannan giɓi muna ganinsa. Waɗanda suka zuba kuɗinsu a MMM kafin ta daskare a Disambar 2016, da waɗanda CBEX ta kwashe wa dukiya a Afrilun 2025, da yawansu masu takardar sakandare ne, wasu ma har da jami'a. Da an taɓa zaunar da su an tambaye su daga ina ribar da ake alkawarin ninkawa cikin wata guda take fitowa, da wasunsu sun tsira.

To, yaya za a yi? Bari in fara da aikin bincike, domin shi ya fi sauƙi kuma ba ya cin ko sisi. Malam ya raba aji ƙungiya-ƙungiya, kowace ƙungiya da ɗan littafinta. Waɗanda suka fito daga Danchadi ko Dingyaɗi su riƙa rubuta farashin kasuwarsu, na Kajiji da Dandin Mahe su ma haka. A zaɓi kaya kaɗan waɗanda kowane gida yake saye: kwanon gero, kwanon shinkafa, kwalbar man gyaɗa, sabulu, da kuɗin mota zuwa Sakkwato. Kowace ranar kasuwa a rubuta, tun daga farkon zango har ƙarshensa. A ce a makon farko jimillar kayan ta kama naira 10,000, a mako na goma ta kama 11,500; yaran da kansu za su lissafa su ga an sami ƙarin kashi 15 cikin ɗari. Daga nan sai malam ya gaya musu cewa abin da suka yi ɗin nan shi ne ainihin aikin da hukumar ƙididdiga take yi a duk faɗin ƙasa, illa dai nata kwandon ya fi nasu girma. Yaron da ya yi wannan da hannunsa ba zai sake jin kalmar hauhawar farashi a rediyo ya ɗauke ta wani baƙon aljani ba.

Kuma littafin nan da kansa zai haifo tambayoyi. Me ya sa gero ya fi araha a wannan kasuwa bisa waccan, alhali tazararsu ba ta da yawa? Nan maganar kuɗin dako da halin hanya da ladan dillali za ta shigo. Me ya sa manomi yake sayar da hatsinsa da kaka a wulaƙance, ya dawo ya saye shi da tsada a tsakiyar damina? Nan za a taɓo bashi, da rashin wurin ajiya, da hidimomin aure da suna da suke taruwa bayan girbi. Me ya sa tsadar gishiri ba ta hana saye, amma nama da ya ɗan motsa sai a haƙura da shi? Wannan babi ne guda a littafinsu mai cike da zane-zane masu ruɗarwa, ga shi ya fito daga bakin tukunya.

'Yan mata kuwa, waɗanda ba kowane gida ne zai bar su yawon kasuwa ba, bincikensu yana cikin gida. Su zauna da iyayensu mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da fura, su lissafa nawa aka sayi gyaɗa, nawa aka biya inji, nawa itace ya ci, nawa aka samu. Sau da yawa idan aka sanya ladan wahalar mai sana'ar a cikin lissafi sai a tarar ribar da ake zato ba ta kai yadda ake zato ba. Su duba adashi: wa ya ci moriya, mai kwasar farko ko mai kwasar ƙarshe, a shekarar da kuɗi yake zubar da daraja? Wallahi wannan tambaya kaɗai ta isa a kwashe darasi biyu ana fafatawa a kanta.

Sai muhawara, wadda a kanta ne na fi jin ƙorafi. Wasu iyaye da malamai suna ganin idan aka saba wa yaro da jayayya a aji, to an koya masa fitsara da musu da na gaba. Ina girmama wannan tsoro, amma ina tunatar da mu tarihin ƙasar da muke takawa. Sifawa tana nan cikin ƙaramar hukumar Bodinga, a nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya zauna yana karantarwa da wallafa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma yana zaune a Bodinga. A waɗannan shekaru ne 'yan'uwan biyu suka saɓa a kan mas'aloli irin su laƙabin sarauta da kayan kiɗa da tufafin masu mulki, kowa ya rubuta hujjarsa, Shehu a Najmul Ikhwan, Abdullahi a Diya'us Sulɗan. Ba wanda ya ce Abdullahi ya yi wa yayansa kuma malaminsa rashin kunya. Haka Muhammadu Bello ya yi musayar wasiƙu da Shehu Al-Kanemi na Borno, ya kuma kawo maganganun abokin jayayyarsa cikin littafinsa Infaƙul Maisuri. Ashe muhawara da hujja gadonmu ce. Abin da ba gadonmu ba shi ne ihu da zagi irin wanda ya cika shafukan sada zumunta, kuma rashin koyon ta farkon ne ya jefa matasa cikin na biyun.

Ga misalin batu da zan so in ga an ajiye wa 'yan aji biyu: shin ya kamata hukuma ta ƙayyade farashin hatsi idan ya yi tsada? Ɓangare guda zai ce talaka yana mutuwa da yunwa, dole a tsawata wa 'yan kasuwa. Ɗaya ɓangaren zai ce idan aka tilasta farashin da bai kai kuɗin taki da noma ba, kaya za su ɓace daga kasuwa su koma bayan fage, manomi kuma baɗi ya rage gona. Abin sha'awa, wannan jayayya tana cikin littattafanmu na fiƙihu. Ya tabbata a hadisin Anas cewa an nemi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka farashi a Madina lokacin tsada, bai yi ba. Ya kuma tabbata ya yi hani ga ɓoye kaya don a ƙuntata wa mutane. Malamai irin su Ibn Taimiyya, a littafinsa na Hisba, sun bambance tsadar da ƙarancin kaya ko yawan masu nema ya jawo, da wadda haɗin bakin 'yan kasuwa ya ƙirƙira, suka halatta wa hukuma sa baki a ta biyun. Yaron da yake Islamiyya da yamma, boko da safe, ya kamata ya gane cewa malamansa biyu a kan kasuwa ɗaya suke magana. Haka in an zo babin haraji, me zai hana a ambaci sukar da Shehu ya yi wa jangali da harajin kasuwa a Kitabul Farƙ, da bayanin Ibn Khaldun a Muƙaddima cewa tsananta haraji yana kashe himmar masu sana'a har abin da hukuma take samu ya ragu? In an zo babin banki, a tattauna bambancin bashi da ruwa da tsarin da bankin Jaiz ya fara aiki da shi a 2012.

Sharaɗi dai shi ne malam ya kafa doka tun farko: ba a katse mai magana, ba a ambaton jam'iyya ko sunan uban wani, kowace da'awa da hujjarta, kuma kafin ka mayar da martani sai ka maimaita hujjar abokin karawarka har ya yarda ka fahimce shi. Wani lokaci ma a juya su, wanda ya kare ra'ayi yau gobe ya soke shi.

Ɗaliban Shagari suna da wani abin da wasu ba su da shi. Garinsu ne ya haifi Alhaji Shehu Shagari, Allah Ya jiƙansa, wanda malamin makaranta ne kafin siyasa, har ya tsara Waƙar Nijeriya da Hausa don yara su san ƙasarsu cikin harshen da suke ji. Ya shugabanci ƙasa daga 1979 zuwa ƙarshen 1983, ya ƙaddamar da shirin bunƙasa noma, sannan farashin ɗanyen mai ya karye a hannunsa har aka kafa dokar tsuke bakin aljihu a 1982. Dattawan da suka ga wannan zamani suna nan da ransu. A tura yara su tambaye su nawa ake sayen buhun shinkafa a lokacin, yaya layin sayen madara da sabulu ya kasance, sannan a dawo aji a yi muhawara a kan haɗarin dogaro da haja guda ɗaya, cikin ladabi ga mamaci da adalci ga tarihi.

Na san abin da malaman fannin za su ce, kuma ba su yi ƙarya ba: aji ya cika maƙil, minti 40 ba ya isa, manhaja tana da tsawo, albashi ba ya kai wata, ga WAEC da NECO suna jira. Game da jarrabawa, amsar tana cikin takardar kanta, domin a WAEC akwai sashen da ake ajiye wa ɗalibi jadawalin alƙaluma a ce ya yi lissafi ya fitar da ma'ana, kuma dole ne ya amsa tambaya daga ciki. Wanda ya shafe zango yana cika jadawalin farashin kasuwar garinsu ya fi mai hadda shirin wannan sashe nesa ba kusa ba. Game da lokaci, ban ce a jefar da allo ba. Darasi ɗaya cikin mako ya wadatar. Game da harshe kuwa, a bar yara su yi gardamarsu da Hausa har ma'anar ta zauna, sannan a ɗora musu kalmar Turancin da za su rubuta a jarrabawa. Yaron da aka ce sai da Turanci zai yi magana, shiru zai yi, shirun nan kuma ake fassarawa da ladabi. Inda hanya ba ta da aminci, kada a tura yaro ko'ina. Shagon unguwa da mai awon ƙofar gida sun isa.

Ku kuma ƙannena da kuke karanta wannan a waya, ba sai kun jira an canza manhaja daga Abuja ba. Ku haɗu ku biyar ko shida, ku sayi littafin rubutu ɗaya, ku fara da ranar kasuwa mai zuwa. Idan kun cika mako huɗu, ku kai wa malaminku ku roƙe shi cikin girmamawa ya ba ku minti goma a aji ku nuna abin da kuka tattara. Wanda ya gwada, ina son ya aiko mini da farashin kwanon gero na garinsu da ranar da ya rubuta shi, mu jera na Bodinga kusa da na Shagari mu ga inda suka bambanta.