Kamfani Ba Ya Jin Kukan Wanda Ba Shi Da Wurin Zuwa

'Yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan sashen kwamfuta, mu ɗan duba labarin Unity, manhajar da ake haɗa wasannin bidiyo da ita. A Satumban 2023 kamfanin ya ce zai riƙa karɓar har senti 20 na dala duk lokacin da aka ɗora wasan da aka gina da ita a waya ko kwamfuta, muddin wasan ya kai wani matakin ciniki. Masu haɗa wasanni suka yi masa ca. Cikin kwana 10 ya nemi afuwa, a Oktoba shugabansa John Riccitiello ya sauka, a Satumban 2024 aka soke kuɗin kwata-kwata.

A ganina ba surutun kaɗai ya girgiza shi ba. Ganin jama'a sun fara kwashe komatsansu zuwa Unreal da Godot, wadda kyauta ce, shi ya sa ya shiga taitayinsa.

To kai da ke shirin furojet ɗin ND ko HND, kar ka jingina komai kan manhaja ɗaya. Ka iya tushen aikin, ka kuma koyi kishiyarta tun kafin a ƙara maka farashi.