Da Wayar Birkin Keke Aka Fara

A wannan makon mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida muna da roƙo guda ɗaya da za mu kai gaban hukumar makaranta. Amma kafin mu faɗe shi sai mun ba ku labarin wata ƙungiyar makaɗa daga maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, domin labarinsu shi ne hujjarmu.

Sunan ƙungiyar Mdou Moctar, wanda kuma shi ne laƙabin jagoranta. Su huɗu ne kacal. Kiɗan rok suke yi, wato irin kiɗan nan mai ƙara da sauri da ake yi da jita mai amfani da lantarki da kuma ganguna. Mun tabbata da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunan ba, alhali a Amurka da Turai mutane suna sayen tikiti su cika ɗakin taro don su gan su. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, a Sakkwato jagoran nasu ya naɗi waƙoƙinsa na farko.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, wato Muhammadu Sulaiman in za mu faɗa da bakinmu. Ba'abzine ne daga jihar Tawa, cikin mutanen da muke kira Buzaye, masu dogon rawani da ke rufe baki. Yana yaro ya ji kiɗan wani fitaccen mai jita na Nijar mai suna Abdallah Oumbadougou, sai abin ya shiga ransa. To amma ba shi da kuɗin sayen jita, kuma mutanen gidansu ba su son ya yi kiɗa. Sai ya samo katako ya sassaƙa, ya nemo wayar birkin keke ya ɗaura a matsayin tsirkiya. Da wannan ya koya wa kansa, ba malami ba littafi. Ga shi kuma bahago ne, da hannun hagu yake kaɗawa, alhali yawancin jitar da ake sayarwa ta masu dama ce.

Ku ɗan tsaya a nan tukuna. Wayar birkin keke fa muka ce. Babu mai gyaran keke a garin Wudil da ba za ka samu tsohuwarta a yashe a gefen rumfarsa ba. Kullum muna tsallake ta a hanyar zuwa makaranta.

A shekarar 2008 ya shigo Nijeriya, ya shiga situdiyo a Sakkwato ya naɗi kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar. Da harshensu na Tamashek ya rera, amma duk wanda ya saurara zai ji ƙamshin waƙoƙin finafinan Hausa, saboda an yi amfani da na'urar nan da ke lanƙwasa murya ta koma siririya, irin wadda muka saba ji a waƙoƙin Kannywood. Wato salon da wasu suke rainawa a nan gida, suna cewa ai kwamfuta ce ke yin komai, shi ne ya zama matakin farko ga mutumin da yau ake lissafa shi cikin gwanayen jita na duniya.

A lokacin babu wani kamfani da ya saki kundin nan. Babu talla a rediyo, babu fasta a bango. Daga waya zuwa waya ya riƙa tafiya, ta bulutut da memori, kamar dai yadda muke tura wa juna waƙa a gida. Direbobi da fatake da matafiya suka riƙa ɗaukarsa a aljihu suna ratsa hamada da shi har ya kai arewacin Mali. A can ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda yake yawon tattara waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutane, ya ci karo da shi. A shekarar 2011 ƙaramin kamfaninsa mai suna Sahel Sounds ya fitar da tarin waƙoƙi mai suna Music from Saharan Cellphones, wato kiɗa daga wayoyin salula na Sahara, kuma waƙar Mdou mai suna Tahoultine tana ciki. Mutumin ya yi abu ɗaya da ya burge mu: ya bi sawun mawaƙan da ya ɗauki waƙoƙinsu domin ya ba su rabonsu na kuɗi. Mu a nan muna biyan mai shagon tura waƙoƙi kuɗi ya cika mana memori, amma anya akwai wanda ya taɓa tambayar ko wanda ya rera waƙar ya samu ko sisi? Wannan wata magana ce ta daban da za mu dawo kanta wani makon.

Daga nan abubuwa suka fara buɗewa. A 2013 aka fitar da kundinsa na biyu, Afelan, wanda aka naɗa a garin Cintabaraden. A 2015 ya fito a wani fim da aka shirya a Agadas, mai dogon suna: Akounak Tedalat Taha Tazoughai. An kwaikwayi fim ɗin Purple Rain ne na 1984, na wani mawaƙin Amurka mai suna Prince da ya yi suna wajen sa tufafi masu walƙiya. Ma'anar dogon sunan ita ce ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki, domin masu fim ɗin sun ce harshen Tamashek ba shi da kalma ɗaya ta wannan launi. Mu kam Hausa ta hutar da mu, shunayya muke cewa mu wuce. A fim ɗin Mdou yana yawo a kan babur da rawani da riga masu launin shunayya, labarin kuma na wani saurayi ne mai son jita wanda mahaifinsa ba ya so.

Maganar tufafi ba ƙaramar magana ba ce a irin wannan kiɗa. A Ingila, a shekarun 1970, an yi wasu makaɗan rok da suka shahara da kaya masu ƙyalƙyali da dogayen takalma da shafe-shafe a fuska, don kawai ido ya tsaya a kansu. 'Yan ƙungiyar Mdou ba su ari wannan ba. Shadda mai sheƙi da rawani suke hawa dandamali da su, irin kayan da za su sa su je ɗaurin aure a garinsu, kuma ido yana tsayawa a kansu ɗin. A ganinmu wannan ya fi. Muna da yayye da suke ganin sai sun yage wando a gwiwa kafin a ɗauke su a matsayin mawaƙa.

Sauran 'yan ƙungiyar su ne Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim mai ganguna, da Mikey Coltun mai jita mai kaurin murya. Shi Mikey Ba'amurke ne, ya taso a birnin Washinton cikin masu wani reshe na rok da ake kira pank. 'Yan pank sun bayyana ne a tsakiyar shekarun 1970 a biranen Niyok da Landan, kuma aƙidarsu ita ce kada ka jira babban kamfani: ka koyi abin da za ka iya, ka haɗa abokanka, ka naɗa da kanka, ka sayar da kanka. Idan ka duba, ai haka makaɗan Agadas suke yi tun can ba tare da wani ya raɗa musu suna ba. A gidajen biki suke wasa, a fili, da janareta da lasifika, ƙura tana tashi. Don ya yi atisaye da abokansa, Mikey yakan hau jirgi zuwa Yamai, sannan ya hau mota zuwa Agadas, tafiyar sama da kilomita 900.

A 2019 suka fitar da Ilana, kundi na farko da cikakkiyar ƙungiyar ta naɗa a situdiyo, a birnin Detroit. A 2021 kamfanin Matador na Niyok, wanda shi ma ba ya cikin manya-manyan kamfanonin kiɗa, ya fitar musu da Afrique Victime, kuma jaridun waje da dama sun sa shi cikin kundayen da suka fi fice a shekarar. Sai Funeral for Justice a 2024. Ba soyayya kaɗai suke rerawa ba. Suna magana kan yadda Faransa ta daɗe tana kwasar yuraniyam daga Arlit alhali ƙauyukan Nijar da yawa ba su da wutar lantarki. Suna da waƙa mai suna Imouhar da ke kira ga Abzinawa su riƙe harshensu kada ya ɓace. Wannan ta taɓa mu, don mu ma akwai masu jin kunyar yin Hausa tsantsa a gaban baƙi.

Kada a ɗauka daɗi kawai suka sha. Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, aka rufe iyakokin Nijar. A lokacin suna Amurka suna wasa, sai 'yan Nijar ukun suka kasa komawa gida wajen iyalansu. Masoyansu ne suka haɗa musu kuɗin zama. Ba su zauna jimami kawai ba, a cikin wannan zaman jiran suka shiga situdiyo suka naɗi wani kundi, Tears of Injustice, wanda ya fito a 2025.

To, me ya haɗa wannan da makarantarmu?

Muna da darasin al'adu da fasaha, kuma kiɗa yana cikin manhajarsa. A darasin Hausa muna haddace rabe-raben makaɗa, na fada da na jama'a da na sana'a. Mun san Mamman Shata da kalangu, Haruna Uji da gurmi, Garba Supa da kukuma, Barmani Coge da kiɗan ƙwarya. Muna zana kalangu a littafi, mu ja kibiya mu rubuta sunayen sassansa, a ba mu maki. Amma a cikin aji guda, ɗalibai nawa ne suka taɓa riƙe kuntigi a hannu? Idan aka yi maganar gwaji, amsar da mu ɗalibai da malamai duk muke bayarwa ɗaya ce: babu kayan aiki. Gaskiya ne makarantar gwamnati ba ta da kuɗin sayen jita ko fiyano, kujeru ma ba su ishe mu ba. Amma bayan labarin da muka bayar, wannan amsa ba ta gamsar da mu.

Ba ma sai mun je Nijar ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya yi sunansa, kuma kuntigi ba komai ba ne illa gwangwanin kifi da aka rufe da fata, da 'yar sanda, da tsirkiya ɗaya. Fata kuwa ba za ta gagara a garin da ke da kara irin ta Wudil ba. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Kuma wanda ya haɗa kuntigi da hannunsa zai gane darasin sauti na kimiyya fiye da wanda ya haddace shi: in ka ƙara ɗaure tsirkiya murya takan yi sama, in ka danne ta ka rage tsawonta takan ƙara yin sama, gwangwanin da ba komai a cikinsa kuma shi ke sa amon ya fito da ƙarfi.

Mun san akwai masu ja, kuma ba mu raina maganarsu ba. Wasu za su ce kiɗa yana ɗauke hankalin yaro daga karatu. Ai waƙoƙin da ke cikin wayoyin gidajenmu sun riga sun ɗauke shi, kuma babu malamin da ya tace su. Wasu za su ce kiɗa sai maroƙa. Wanda ya zana taswira a aji bai zama matafiyi ba, wanda ya yi shuka a gonar makaranta ma ba dole ne ya zama manomi ba. Magana mafi nauyi ita ce ta addini, kuma wannan ba hurumin yara 'yan ƙaramar sakandare ba ne, malamanmu na addini suna nan, su za su faɗi abin da ya dace da wanda bai dace ba. Haka nan ba mu kawo labarin Mdou don wani ya saɓa wa iyayensa ba. Duk wanda aka ce masa a'a a gida, magana ta ƙare, yana iya zuwa ya taya mu rubuta labari a wannan allo.

Roƙonmu ga shugaban makaranta shi ne a ba mu sa'a ɗaya a mako, a lokacin da sauran ƙungiyoyi suke taronsu, ƙarƙashin kulawar malamin fasaha da malamin Hausa. Ba mu nemi kuɗi ba. A zangon farko haɗa kayan kawai za mu yi: kuntigi, da gurmi, da sarewar kara, da ganga. Duk wanda zai shiga sai ya kawo amincewar iyayensa a rubuce. Duk baitin da za a rera namu ne, kuma sai malami ya karanta ya sa hannu. Ba rawa, ba cakuɗuwar maza da mata, ba a lokacin salla ba, ba kuma a makon jarrabawa ba. Idan aka ga abin ya yi kyau, a bar mu mu nuna kayan da muka haɗa ranar rabon kyaututtuka, ko da a kan tebur ne kawai a jere. Idan aka ga bai yi ba, a rufe shi, ba za mu yi gunaguni ba.

Za mu miƙa takardar roƙon ta hannun malamin da ke kula da ƙungiyarmu ranar Litinin. Mai son sa hannu ya same mu a bakin wannan allo lokacin tara. Wanda yake da tsohon gwangwanin kifi ko wayar birki ya wanke ya ajiye a gida, kada ya kawo makaranta sai an ba da izini.

Daga ƙungiyar 'yan jarida, ƙaramar sakandare, aji biyu.