Gobara a kasuwa: kafin ka ce "na yafe", ka tambayi kamfanin inshora

A Malanville kowa ya san abin da ake yi idan wuta ta ci rumfa. Kafin hayaƙi ya lafa dattawa sun taru, an kira wanda wutar ta taso daga wajensa, ya rantse ba da gangan ba ne, mai kaya ya ce ƙaddara ce, ya yafe, a yi fatiha a watse. Al'ada ce mai kyau, ni ma a cikinta na tashi. Amma ga ɗan kasuwar da ya yi wa kayansa inshora, wato asiransi kamar yadda muke cewa a nan, wannan kalma ɗaya tana iya jawo masa asara ta biyu.

Ga dalili. Benin da Nijar duka suna bin dokar inshora ta CIMA, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Sashe na 42 ya ce idan kamfani ya biya ka diyya, to ya gaji haƙƙinka na bin wanda ya jawo ɓarnar, daidai adadin kuɗin da ya biya. Sashen ya ƙara da cewa idan kai ne ka toshe masa wannan hanya, yana iya ƙin biyanka, duka ko wani ɓangare. Takardar sulhun da ka sa wa hannu gaban dattawa, ita lauyan kamfani zai fara ɗagawa.

A ce kayan sefa miliyan 10 sun ƙone, kamfani ya biya 7. Bakwai ɗin nan ba naka ba ne yanzu, balle ka yafe su. Ukun da suka rage su ne naka, ka bi ko ka bari, tsakaninka da Allah. Ko a addini, ai mutum ba ya kyauta da abin da ba nasa ba.

Haka in aka je kotu. Wasu na karɓar diyya shiru, su koma su kai ƙarar maƙwabci a kan miliyan 10 cif, kamar ba su karɓi ko sisi ba. Ba daidai ba ne, inshora tana mayar da asara ne, ba a cin riba da ita. Wasu kuma su kama yaron shagon da ya bar rishon gas a kunne su kaɗai, alhali ba ya da ko kuɗin tuwo. Ina maigidansa? Ina mai magazar da ya ja wayar lantarki ta ɓarauniyar hanya? Ina wanda ya jibge jarkokin fetur na kpayo a bayan bango? In wanda ake ƙara yana da nasa kamfanin inshora, shi ma a kira shi. Shari'ar gobara da ba a tara waɗannan a zama ɗaya ba, hukuncinta a takarda yake ƙarewa.

Kada a ce maganar ta yi nisa. Gobarar ma'ajiyar fetur ta Sèmè-Kraké a Satumban 2023 ta kashe mutum sama da 30. Mu kuma tun da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kaya suka riƙa daɗewa a magaza fiye da da. Ga hunturu da iskarsa.

Kamfanonin ma suna da nasu laifi, kuma ba ƙarami ba. Suna miƙa wa Alhaji kwangila da Faransanci, rubutu ƙanana kamar tururuwa, ba wanda ya taɓa yi masa bayanin sashe na 42 da Hausa ko Dandanci. Sai ranar biya ake tuno da shi. Wakilin da ya iya zagayo rumfa ya karɓi kuɗin shekara, ya iya zama minti goma ya faɗi sharuɗɗan.

Abin da nake roƙon shugabannin 'yan kasuwa bai da yawa. In gobara ta auku, a sanar da kamfani nan take, domin wa'adin sanarwa kwanaki ne kaɗan. A bar jandarma da masu bincike su ga wurin kafin a share toka. A yi zaman sulhu, amma a ajiye wa wakilin kamfani kujera, kuma kada kowa ya sa hannu a kan komai sai ya iso.