Baƙo raɓa, ɗan gari kaba: wa za a ƙera ma wasan motsa jiki?



Duk wanda ya taɓa zama ɗakin buga PlayStation, a Maraɗi ne ko a Damagaram, ya san mutum biyu. Akwai wanda ya zo rakiya, aka miƙa mishi manet, ya yi dariya minti goma ya tashi. Akwai kuma wanda ko kuran ya ɗauke yana nan zaune, jiran dawowarshi yake. Shekara wajen ashirin ke nan kamfanonin wasan bidiyo na gardama kan mutanen nan biyu. Wasan da ake bugawa da motsin jiki, ka kaɗa hannu na cikin telebijin ya kaɗa, wa za a ƙera ma shi? Ni dai a ganina a ƙera ma na biyun, amma kar a ruhe ma na farko ƙofa.

A 2006 kamfanin Nintendo na Japan ya hito da Wii. Manet ɗinta kamar abin canza tashar telebijin take, ka riƙe ka kai duka, sai ga ka kana tanis ko dambe cikin Wii Sports. Kaka da jika suka shiga wasa tare, aka sayar da Wii sama da miliyan 100. Ganin haka, a 2010 Microsoft ya kawo Kinect, kyamarar da ke karanta jikinka ba manet, aka sayar da miliyan 8 cikin kwana 60. Sony ma ya kawo Move a shekarar.

To, ina baƙin suka tahi? Salula ta kwashe su. Wanda nishaɗin minti goma yake so, ya same shi cikin aljihu, galibi kyauta. Wii U da ta gaji Wii a 2012 ko miliyan 14 ba ta kai ba, ko da yake akwai wasu dalilan. Microsoft kuwa a 2013 ya haɗa Kinect da Xbox One dole, kuɗi ya kai dala 499 ta Amurka, alhali PlayStation 4 na 399. Masu wasa na gaske suka ce ba su biyan abin da ba su roƙa ba. A 2014 aka raba su, a 2017 aka daina ƙera Kinect.

Matsalar ba ƙyuyar ƴan wasa ba ce. Manet ɗin Wii ta farko girgiza take ji, ba ta gane juyin hannu daidai. Sai mutum ya kishingiɗa, ya ɗan karkaɗa wuyan hannu, ya ci wanda ke ta zufa tsaye. Wasan da gwani da ɗan koyo ke kunnen doki kullum, wa zai koma mishi gobe? Sai a 2009 aka ƙara mata MotionPlus mai auna juyi.

Ku duba kuma inda abin ya yi kyau. A Splatoon na 2015, da ɗan karkata manet ake saiti. Ba a tilasta ma kowa ba, amma ƴan gasa da yawa suka rungume shi, don ya fi ɗan yatsa sauri da daidaito. Zelda Skyward Sword na 2011 kuwa dole sai ka kaɗa hannu, har da aka sake hito da shi a 2021 aka ƙara zaɓin maɓallai.

Wani zai ce baƙin nan su ne kasuwa. Gaskiya ne, Just Dance na nan tun 2009 ana sayensa. Amma ku dubi kokawa. Ko yaro ya san kama ƙafa, sai dai ba kowa ke ɗaukar takobi ba. Sauƙin shiga ke tara jama'a, zurhin wasa ke riƙe su shekaru.

Mu da sai an yi tari kahin a sayi na'ura ɗaya, wannan ya shahe mu. Kahin ka hidda kuɗinka, tambaya biyu: in na ƙware, wasan zai gane na ƙware? In na gaji da tsalle, zai bar ni in zauna in buga da maɓalli? In amsa a'a ce, wata ɗaya za ta yi, ƙura ta ruhe ta.