Noor Inayat Khan da masu cewa "ina ruwanmu"

Jiya na ɗora hoton Noor Inayat Khan, na rubuta cewa ranar 13 ga Satumba 1944 'yan Nazi suka harbe ta a sansanin Dachau na Jamus. Ba a jima ba wani ya shigo ya ce, "Baiwar Turawa ce, ina ruwanmu?" Wani kuma ya ce ai duk macen da ta shiga leƙen asiri da jikinta take aiki. Na kwana da maganar nan a raina, ku yi haƙuri, yau sai na amayar.

Kai mai maganar jiki, ka san aikinta kuwa? Mai aika saƙon rediyo ce. A watan Yuni 1943 jirgin Ingila ya sauke ta cikin dare a Faransa, ita ce mace ta farko da hukumar SOE ta tura can da wannan aiki. Ko sati biyu ba ta yi ba Jamusawa suka fara kame abokan aikinta. Ta tsaya a Paris, tana yawo da na'ura a cikin akwati daga wannan ɗaki zuwa wancan, motocin gano sigina na farautarta. Wajen wata huɗu tana haka, sai aka ci amanarta a Oktoba. Ta yi yunƙurin tserewa, aka kai ta kurkukun Pforzheim, kusan wata goma hannu da ƙafa cikin sarƙa. Ba ta ba su sunan kowa ba. Shekararta 30. Kai da ko katin zaɓe ka kasa bin layi ka karɓa, kai ne za ka yi mata ƙazafi?

Kai kuma mai cewa baiwa ce: daga zuriyar Tipu Sultan take, sarkin Mysore da ya mutu yana yaƙar Ingila a 1799. Mahaifinta malamin Sufaye ne ɗan Indiya, kuma ba ta ɓoye cewa tana son Indiya ta samu 'yanci ba. Ta san sarai ko su wane ne Turawan mulkin mallaka. Sai dai ta ga abin da Hitler ke yi, ta ce ba za ta naɗe hannu ba. Idan wannan ne bauta, to me za ka kira kakanninmu da aka kwasa zuwa dazukan Burma a yaƙin nan dai? Su ma ina ruwanmu?

Ba na ce ba ta yi kuskure ba. Ta ajiye kwafin saƙonninta a littafi, Jamusawa suka same shi, suka ci gaba da aika saƙo da sunanta. Manyan Landan suka yarda, suka turo ƙarin mutane cikin tarko. Ita ta biya da ranta. Su da ke zaune a ofis fa?

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Tare da ita aka kashe Yolande Beekman, Madeleine Damerment da Eliane Plewman. A Yuli 1944 aka kashe wasu huɗu da allura a Natzweiler, aka ƙone gawarsu. Violette Szabo kuwa a Ravensbrück aka harbe ta a 1945, tana da shekara 23, ta bar 'yar ƙaramar yarinya. Da ba don wata mata, Vera Atkins, ta bi sawunsu har Jamus bayan yaƙi ba, da wasunsu ko inda suka ƙare ba a sani ba. An ba Noor lambar George Cross a 1949, amma sai 2012 aka kafa mata abin tunawa a Landan.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne halinmu. Namiji ya mutu a fagen daga, gwarzo ne. Mace ta mutu, sai a fara tambayar me ya fitar da ita daga gida. Ban ce dole ka yabe ta ba. Amma in ba ka san mutum ba, kama bakinka ka je ka karanta tukuna.

Allah Ya sa mu gane.