Karin Murya Ba Na Makaɗa Kaɗai Ba Ne

Ran nan na zauna a bayan aji ina kallon wani ɗan'uwanmu yana gwajin koyarwa. Ya shirya darasinsa sarai, allo kuwa tsaf. Amma da ya kama karanta wa yara littafi, sai murya ta miƙe ɗoɗar, ba hawa, ba sauka, ba a san inda magana ta ƙare ba. Kafin ya kai ƙarshen shafi yara uku suna gyangyaɗi. Ni dai ban ga laifinsu ba.

Turawa suna da wata kalma, cadence, asalinta daga Latin, ma'anarta faɗuwa. Da ita suke kiran saukar da ake rufe kiɗa da ita, da hawa da saukar muryar mai magana, har da tafiyar soja a fareti, watau wajen taki 120 a minti guda. Mu kuwa mun rarraba: kari a waƙa, taki a tafiya, lugude a turmi. A ganina sun yi daidai da suka gama su, gama abu ɗaya ne. Ku dubi 'yan mata uku a turmi guda. In ɗaya ta kuskure lokacinta, sai taɓarya ta kara da taɓarya. Hakanan a gayya, ganga ce ke gaya wa fartanya sa'ad da za ta sauka. Har ma an ce Halilu ɗan Ahmadu na Basra, wanda ya tsara arulin waƙar Larabci a ƙarni na 8, daga bugun gudumar maƙera ya fara gane ma'aunin.

To, mu masu koyar da Hausa abin ya fi shafarmu, don boko ba ya nuna hawan murya ko jan wasali. Rubuta "fara" ka gani. Fara mai cin gero ce, ko fara aiki, ko kuwa riga fara? Harufa huɗu ne duka, baki kaɗai ke raba su. Shi ya sa kalangu ke magana: a matse igiyoyinsa a hammata sauti ya hau, a saki ya sauka, mahauci kuwa ya ji kirarinsa ba wanda ya buɗe baki.

Na san wasu za su ce wannan aikin maroƙa ne, malami ba ɗan wasa ba ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Kowa ya san ajin da ake rera jadawalin sau kamar waƙar gaɗa, amma ka tambayi yaro bakwai sau takwas, sai ya koma ya faro daga bakwai sau ɗaya. Nan waƙa ta cinye ma'ana. Ba wannan nake nufi ba. Abin da nake so shi ne murya ta sauka inda magana ta sauka, tambaya kuwa a ji tambaya ce.

Saboda haka ina roƙon malamanmu, kafin a tura kowa gwajin koyarwa, a sa shi ya ɗauki fensir ya yi alama a wuraren numfashi a shafi guda, sa'an nan ya karanta da ƙarfi gaban 'yan ajinsu. In sun yi hamma, ya sake.